Taura biyu a baki ɗaya: lissafin rabin hanya

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 2025, wata ɗiyar Maraɗi ta cika shekara 7 tana karatu a wata jami'a ta ƙasar Faransa. Karatun likita ne ya kai ta can, amma har wannan rana ba ta da izinin rubuta ma mara lafiya takardar magani. Ran nan da dare, ta fito ke nan daga ɗakin bincike, sai mahaifinta ya kira ta ta salula. Ɗan kasuwa ne, wanda ya tsufa yana saida shinkafa da sukari da man girki a babbar kasuwar Maraɗi. Sunan mahaifiyarshi aka sa ma yarinyar, sabili da haka ba ya kama sunanta. Bayan an gaisa, an tambayi lafiyar gida da labarin damina, sai ya ce:

«Uwata, mutane sun dame ni da tambaya, ni kuwa ba ni da amsa. Yaushe za ki ƙare?»

Ta ce: «Baba, da sauran shekara 8, in Allah ya kai mu.»

Ya yi shiru har ta zaci layin ya yanke. Can ya ce: «To wane irin fatauci ne wannan, da ayari zai yi shekara 7 bisa hanya bai hango ko ƙofar gari ba?» Cikin dariya ya faɗi maganar, ya sa mata albarka, ya aje waya. Ita kam ba ta yi barci ba a wannan dare.

Tambayar Alhaji tambaya ce ta gaskiya, kuma duk mai ɗa a makaranta yana da haƙƙin yin ta. Amma kafin a kai ga amsa, ya kamata a bayyana irin karatun da ɗiyarshi ta shiga, domin ba a saba ganin irinshi ba. A al'ada, mai son zama likita hanyar asibiti yake bi, ya koyi gane cuta da ba da magani. Mai son zama masanin kimiyya kuwa hanyar ɗakin bincike yake bi, ya koyi tono asalin cutar. Kowannensu yana fita da tashi doktora, kuma sau da yawa ba su jin harshen juna. Likita yakan ga abin mamaki a jikin mara lafiya, amma ba shi da kayan bin diddiginshi. Mai bincike yana da kayan, amma bai taɓa kwana bakin gadon mara lafiya ba. Domin a haɗa waɗannan bakuna biyu ne hukumar binciken lafiya ta Amurka ta soma, a shekarar 1964, ɗaukar nauyin wasu ɗalibai ƙalilan su yi karatun biyu tare. A can abin yakan ci kimanin shekara 8, kafin ma a soma koyon ƙwarewa. A Faransa, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ake ce ma Inserm ta buɗe tata makaranta ta irin wannan horo a 2003, daga baya wasu jami'o'i suka bi sahu.

Ga yadda tsarin Faransa yake. Ana zaɓen ɗalibi tun yana shekara ta 2 ta likita, a ƙara mashi darussan lissafi da sauran fannonin kimiyya bisa waɗanda yake ɗauke da su. Bayan shekara ta 2 ko ta 3, sai ya aje karatun likita, ya yi shekara guda ta mastar cikin ɗakin bincike. Daga nan wasu su koma asibiti su jinkirta sauran. Wasu kuma su zarce da shekara 3 na doktorar kimiyya, sannan su komo su ɗauki karatun likita daga inda suka aje shi. Wannan hanya ta biyu ita ce ɗiyar Alhaji ta bi: shekara 3 na likita tun daga 2018, shekara 1 ta mastar, shekara 3 na bincike. Gabanta akwai shekara 3 na ɗalibta cikin asibiti, da shekara 5 na ƙwarewa bisa cututtukan jini. Jimla 15 ke nan. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa; ita kuwa ga ta da taura biyu a baki, ba ta haɗiye ko ɗaya ba.

Ba son takarda ne ya kai ta ga wannan hali ba. Tana da shekara 10, a 2010, ƙanenta ya rasu. Yana da emasi, cutar da wasu ke ce ma amosanin jini, mutanen Najeriya kuma su ce sikila. Shekararshi 4. Zazzaɓi ya kama shi bayan la'asar, aka ce a bari a ga safiya, kafin asuba ya cika. Cikin gidan nan kuma akwai ɗiyar ƙanen mahaifinta, wadda ita ma aka auna jininta aka iske SS ce, amma ga ta nan da ranta, ta yi aure har ta haihu. Tun yarinyar tana lakkol take tambaya: cuta ɗaya, zuriya ɗaya, tukunya ɗaya, mi ya sa wannan ya tafi waccan ta rayu? Manya suka ce kwana ne ya ƙare, ita kuma ba ta musa ba. Sai dai ta san kowane ajali yana da sanadi, kuma sanadin ne take son ta gani da idonta.

Emasi cuta ce ta gado. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna emoglobin, shi ne ke ɗaukar iska daga huhu ya raba ma sauran jiki. Ga mai emasi, harafi ɗaya tak ne ya sauya cikin rubutun gadon da ke ƙera wannan sinadari. Sai ƙwayar jini ta riƙa lanƙwashewa kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini ke fitowa. Saifa ta lalace tun da ƙuruciya, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, zazzaɓin yini ɗaya ya zama ajali. In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Wani babban ƙiyasi da aka buga a 2023 ya nuna cewa jarirai kimanin 515.000 aka haifa da cutar a duniya cikin 2021, fiye da kashi 3 cikin 4 a Afirka kudu da Sahara.

Da barci ya ƙi zuwa, sai ta tuna wata al'ada ta mahaifinta. Kowace shekara, kafin ya fidda zakka, yakan rufe kanti yini guda. A ƙidaya buhunan da ke cikin mangaza, a ƙidaya kuɗin hannu, a rubuta abin da ya lalace, a rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin shi. Tun tana aji 5 ita ke riƙe da kaye da bik, yana faɗi tana rubutawa. Yakan ce ɗan kasuwar da ke tsoron lissafi ya riga ya karye, labarin ne bai iske shi ba. Ta tashi ta ɗauko takarda, ta ja layi biyu, ta raba ta gida uku: asara, riba, bashi.

Gidan asara ne ya fara cika. Abu na farko, lokaci. Waɗanda suka shiga shekarar farko tare da ita sun ƙare shekara ta 6, sun yi jarrabawar ƙasa, tun watan Nuwamba na 2024 suna kwanan aiki a asibiti, suna duba marasa lafiya, suna rubuta magani. In ta koma a watan Satumba, za ta zauna aji ɗaya da yaran da ta girme su da shekara 4, kuma mai yiwuwa ne tsohuwar abokiyar karatunta ce za ta riƙa aiken ta ɗauko sakamakon awo.

Na biyu, mantuwa. Ilimin likita kamar wuƙa yake, in ba a wasawa sai ya dakushe. Ta gwada tuna sunayen jijiyoyin hannu, ta iske rabinsu sun ɓace. Shekara 4 ke nan ba ta ɗora abin sauraren ƙirji bisa ƙirjin mutum ba.

Na uku, kuɗi. Albashin mai neman doktora bai kai euro 2.000 ba a hannu kowane wata. In an juya shi sefa ya wuce miliyon ɗaya, mutanen gida su ce ta yi arziki. Ba su san hayar ɗaki guda tana cin kusan rabinshi ba. In kuma ta koma asibiti, abin da ake ba ɗalibin shekara ta 4 bai kai euro 300 ba, sai fa in wata gidauniya ta tallafa. Ma'aikacin gomnati ya saba da tsanin da ake hawa mataki bayan mataki. Nata tsanin yana da wurin da sai an sauka kafin a sake hawa.

Na huɗu, gida. Ƙawayenta na lise sun yi aure, wasu suna da goyo na biyu. Mahaifiyarta ba ta cewa komi, sai dai duk kira sai ta ambaci bikin wance da sunan ɗan wance. Tun 2023, da dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Paris, zuwa gida ya ƙara wuya da tsada. Kakarta ta wajen uwa ta rasu, ba ta samu zuwa gaisuwa ba.

Na biyar shi ya fi ciwo, domin aikin kanshi ya shafa. Jariri cikin ciki yana da wata irin emoglobin ta daban, wadda ba ta lanƙwasa ƙwayar jini. Bayan haihuwa jiki yakan kashe ta sannu a hankali ya kunna ta manya. Shi ya sa emasi ba ta cika nuna kanta ba sai jariri ya kai wajen wata 6. Wasu mutane jikinsu ba ya kashe ta duka, kuma galibi su ne cutar ke yi ma sauƙi. Wataƙila nan ne wani ɓangare na sirrin ƴar'uwarta yake. Aikin ɗalibar shi ne neman mabuɗin da zai sake kunna emoglobin ta jarirai. Takan ɗauki ƙwayoyin da ke haifar jini, ta rene su cikin akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37, tana sauya masu abinci har ranakun Lahadi, kusan sati 3 kafin su nuna su zama jajayen ƙwayoyi da za a iya aunawa.

A watan Maris na 2023 awo ya ba ta abin da take fata: ta toshe wani sinadari da take zargi, emoglobin ta jarirai ta hau. Ta yi sujadar godiya, ta kusa kiran gida. Shugabar labo, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta dubi takardar, ta ce a sake, da jinin wasu mutane dabam, kuma a rufe lambobin kwalabe yadda mai aunawa ba za ta san wace ce wace ba. Aka sake sau 6 cikin wata 14, har da wata 2 da suka salwanta lokacin da hunhuna ta shiga akwatin ta kashe komi. Daga ƙarshe gaskiya ta fito. Maganin da take zubawa wahal da ƙwayoyin yake yi, su kuwa in sun wahala sukan ƙara emoglobin ta jarirai da kansu. Kusan shekara 2 na ƙuruciyarta sun tafi wajen tabbatar da cewa abin da ta ɗauka ƙofa ashe bango ne.

Tana cikin wannan hali wani kamfanin magunguna ya yi mata tayi: in ta kare kundinta gaban malamai, ta zo a ba ta aiki da albashin da ya ninka nata na yanzu. Ba komawa aji, ba kwanan asibiti. Wasiƙar ta yi sati 3 cikin jakarta, ba ta gaya ma kowa ba.

Da ta zo gidan riba sai bik ya tsaya. Ba difloma, ba muƙami. Maƙala ɗaya ce ta rubuta. Mujallar farko ta maido ta, ta biyu tana dubawa. Ta daɗe tana kallon farar takarda kafin ta rubuta abu na farko: ta koyi tuhumar kanta. Shekara 3 da suka wuce, in awo ya ba ta abin da take so sai ta yi murna. Yau in ya ba ta abin da take so, nan ne take ƙara bincike. Ɗan kasuwa ya san wannan: kayan da suka yi arha fiye da kima, a kwance buhun a duba ƙasa. Likitan da ya samu wannan tarbiyya, in wakilin kamfani ya zo mashi da sabon magani da takarda mai ƙyalli, zai tambaya mutum nawa aka gwada ma shi, da mi aka kwatanta shi, wa ya biya kuɗin gwajin. Ba a rubuta wannan bisa difloma, amma mara lafiya ne zai ci amfaninshi.

Abu na biyu, ta gane cewa «ba haka ba ne» shi ma sakamako ne. In maƙalarta ta fito, wani ɗalibi a wata ƙasa ba zai ɓata shekara 2 yana bugun wannan bango ba. Cikin wahalar kuma ta fito da wata ƴar dabara ta rarrabe hawan gaskiya da hawan wahala, wadda abokan aikinta suka soma amfani da ita. Ƙaramin abu ne, amma nata ne, kuma ko an girgiza shi ba ya faɗuwa.

Abu na uku, ta koyi auna lokaci da mudun da ya dace da shi. A 1910 wani likita na birnin Shikago, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje. A 1948 wata likitar yara ta birnin New York, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai sabbin haihuwa ba ya lanƙwashewa kamar na uwayensu mata, ta ce lalle emoglobin ta jarirai ce ke kare su. Aka yi shekara 60 ana neman abin da ke kashe ta bayan haihuwa. A 2008, bayan masu bincike a Ingila da Italiya sun nuna wajen da za a duba, wani matashi mai suna Vijay Sankaran, cikin labon Stuart Orkin a Boston, ya tabbatar da cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ita ce ke kashe ta. Shi ma a lokacin ɗalibi ne mai taura biyu a baki, yana cikin karatunshi na likita da kimiyya. A 2012 Emmanuelle Charpentier ta Faransa da Jennifer Doudna ta Amurka suka fito da dabarar yanke rubutun gado daidai wurin da ake so. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da magani na farko da ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, mai suna Casgevy. Daga idon likitar yara zuwa magani shekara 75 ke nan, kuma ba wanda ya yi tafiyar shi kaɗai: kowa ya ɗauki kayan zango guda ya miƙa ma na gaba. In aka auna da wannan mudu, shekara 7 ba ta kai a yi mata kuka ba. Ta kuma lura da wani abu: tambayar da aka yi shekara 75 ana bi, daga bakin gadon jarirai ta fito.

Gida na uku, na bashi, shi ne ya juya mata tunani. Kuɗin da aka sa ma Casgevy a Amurka dolar Amurka miliyon 2 da dubu 200 ne ga mutum ɗaya, wato fiye da miliyar ɗaya na sefa, ban da kwanciyar asibiti da maganin da ke share ɓargo kafin a maida ƙwayoyin da aka gyara. Ta tambayi kanta: ko da mabuɗinta ya yi aiki, yaro nawa na Tibiri ko Tasawa ko Madarunfa zai kai gare shi? Sannan ta waiwayi abin da aka daɗe da sani, mai arha. Tun 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba ƙananan yara masu emasi penisilin kullum yana rage, da kashi 84 cikin 100, mummunan ciwon nan da ke kashe su cikin sa'o'i. Wannan ne ya tsaya mata a maƙoshi. Shekara 24 kafin rasuwar ƙanenta an san abin da ke kare yaro daga irin daren nan, kuma kuɗinshi ba komi ba ne ga mai kanti a kasuwa. Ilimin yana nan, hanyar ce ba ta iso da shi ba. Ba wanda ya gaya ma gidansu cewa zazzaɓin mai emasi ba ya jiran safiya.

Akwai kuma hidroksiyure, tsohon magani na haɗiya, wanda shi ma yake ƙara emoglobin ta jarirai. An tabbatar da amfaninshi ga manya a 1995. A 2019 aka buga sakamakon gwajinshi bisa yara kimanin 600 a Angola da Kongo Kinshasa da Kenya da Uganda, da likita Léon Tshilolo na Kinshasa cikin jagororin aikin: tashin ciwo ya ragu, buƙatar ƙarin jini ta ragu, har zazzaɓin cizon sauro da mace-mace suka ragu. A Kano, da ba ta da nisa da Maraɗi, likitocin gari tare da abokan aikinsu na Amurka sun gwada shi domin kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da masu emasi. Amma tambayoyi suna nan jibge. Mi ya sa wani yaro ke amsa maganin, wani kuma kaɗan? Wane awo ya dace da yaron da ke fama da tamowa da zazzaɓin damina? Yaya za a riƙa bin jininshi inda labo ke da nisa? Mai bincike kaɗai ba zai amsa su ba, domin ba ya ganin yaran. Likita kaɗai ma ba zai amsa su ba, domin bai koyi tsara gwaji ba. A nan ne ta ga amfanin taura biyu.

Cikin gidan bashi mutum uku ta rubuta. Ƙanenta. Mahaifinta, wanda ya saida fili ya biya shekarunta na farko, a lokacin da abokanshi ke cewa kuɗin karatun ɗiya mace gidan wani za su. Da kuma mutanen da suka ba da jininsu ana renon shi cikin akwati, waɗanda ba ta san ko fuskarsu ba. Aikin kamfani ba abin kunya ba ne, can ma magani ake haɗawa. Amma ta duba ta ga cikin basussukan nan uku, ɗaya ne kaɗai albashin kamfani zai iya biya, mai shi kuwa bai taɓa tambaya ba.

Ba ta ruɗi kanta ba. Ta san da yawa daga waɗanda suka bi wannan hanya, asibiti ya cinye lokacinsu har suka saki bincike, wasu kuma bincike ya janye su har suka manta hanyar asibiti. Ta san komawa gida ba maganar fatar baki ba ce: labo yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, da kuɗin da ba ya yankewa. Ta kuma san jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna fidda likitocin da suka ga masu emasi fiye da yadda ita ta gani. Wanda ya komo daga Turai, in yana da hankali, sai ya fara zama ɗalibinsu. Shekara 8 da suka rage ba su yi mata alkawarin komi ba. Amma wanda ya kai tsakiyar gulbi, komawa da ƙetarewa nisansu ɗaya. Abin dubawa shi ne a wace gaɓa ake jiran shi.

Da gari ya waye ta rubuta ma kamfanin wasiƙar godiya, ta ce ba za ta zo ba. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ita ta kira gida.

«Baba, na yi lissafi irin naku.»

«To, mi ya fito?»

«Asara ta fi yawa bisa takarda. Riba kaɗan ce, amma ba mai ruɓewa ba ce. Bashi ne ke da nauyi.»

Ya ce: «Uwar kuɗi fa? Tana nan?»

Ta ce: «Uwar kuɗina ita ce tambayar da na baro gida da ita. Tana nan, ba ta ragu ba. Yanzu ma na fi sanin inda zan neme ta.»

Alhaji ya yi gyaran murya. «In uwa tana nan, ba a karye ba. Kayan da ke bisa hanya ba a ce masu riba, ba a ce masu asara, sai ran da aka sauke su. Masu tambaya zan ce masu ayari ya kai rijiyar tsakiya, yana shayar da raƙuma.»

Sai ta ce tana da roƙo ɗaya. Ta ji an kawo goron tambayar ƙanwarta. Kafin a sa rana, a kai yarinyar da yaron a auna jininsu, awon nan da ake ce ma elektroforez, kowa ya san harafinshi. In duka AS ne, a zauna a gaya masu gaskiya, su yanke shawara da idonsu buɗe.

Alhaji ya yi shiru mai tsawo. Shi da mai ɗakinshi ba wanda ya gaya masu wannan magana kafin aurensu, kuma ya san kabarin da ya biyo baya. Can ya ce: «Uwata, ashe kin soma rubuta magani. Gobe zan aika ma uban yaron.»

Bayan ta aje waya, ta buɗe akwatinta ta fiddo farar rigar da ta ninke tun 2021, ta shanya ta bakin taga domin ta sha iska. Sannan ta nufi labo, domin ƙwayoyin da ke cikin akwatin ɗumi suna kwana na 12, kuma lokacin abincinsu ya yi.